Babi na Bakwai: Ranar da Allura Ta Soke Ka

Wannan babin na masu aiki a masana'antar ɗinki ne: masu zama a kan keke, masu yankan yadi, masu guga, masu sa maɓalli, har da masu jera kaya a kwali. Ku bi shi a hankali. Kalmar da ta gagara ku ja mata layi, mu sake ta tare a aji. Ba a jin kunyar tambaya a nan.

Darasi na 1: Inshora

Ku faɗa da ƙarfi: in-sho-ra. Gaɓa uku ke nan. Inshorar haɗarin aiki asusu ne da ake zuba wa kuɗi tun kowa yana lafiya, saboda ranar da wani zai ji rauni a bakin aiki. A yawancin ƙasashe mai masana'anta ne ke zuba kuɗin, ba a taɓa albashinku. Ba yau aka fara ba, Jamus ta yi dokar tun 1884. Asusun yakan biya kuɗin magani, da wani kaso na albashi a kwanakin jinya, da kuɗin wata-wata ga wanda ya nakasa. In rai ya yi halinsa, iyalin mamaci ake biya. A irin wannan tsari ba sai an gano mai laifi ba, ko da hannunka ne ya goce.

Darasi na 2: A rubuta, a ranar

Nan ne ake faɗuwa, don haka nan za mu daɗe.

Wata ɗalibata allurar keke ta huda mata farce ta fito ta ƙasan yatsa. Ta tsinci ƙyalle a ƙasa ta ɗaure, ta ci gaba da ɗinki don kada a ce ba ta cika adadin ranar ba. Da baki ta gaya wa mai kula da layinsu, ya ce mata sannu. Bayan mako guda yatsa ya kumbura, ya yi ruwa, ko zare ba ta iya zurawa. Da ta je ofis aka buɗe littafi, babu sunanta. Aka ce wa ya sani ko a gida ta ji ciwon. Ita ta biya kuɗin maganinta.

"Sannu" ba ta shiga littafi. In ka ji rauni, a fara yi maka magani, sannan a rubuta a ranar. Gobe ta yi nisa.

Takardar da za a ba ka sunanta fom. Takarda ce mai tambayoyi, da fili a gaban kowace tambaya, a filin ake rubuta amsa. Wurin suna, ka rubuta sunanka yadda yake a katin shaidarka na aiki, harafi da harafi. Sunan da abokai ke kiran ka da shi ba na fom ba ne. Wurin kwanan wata, lamba uku ake so: rana, wata, shekara. In fom ya nuna haka, ranar 5 ga watan uku na 2025 za ta zama 5/3/2025. Kwanan watan da ka ji raunin za ka sa, ko da an makara wajen cika fom ɗin. Sai lokaci, ƙarfe nawa. Sai abin da ya faru, a gajarce: "Allurar keke ta soke ni a yatsan hannun dama." Dama ko hagu, a faɗa. Sai sunan wanda ya gani da idonsa, shi ne shaida.

Wanda hannunsa bai nuna ba tukuna a rubutu, ko kuma hannun rubutun ne ya ji ciwo, ya sa wani ya rubuta masa, a karanta masa da ƙarfi kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Wannan ba abin kunya ba ne. Ku da watanni kaɗan baya ba ku iya rubuta sunanku ba, ga shi yau kuna cika fom. Madalla da ku.

Saura abu guda: kwafi. Kwafi shi ne irin takardar sak, wadda za ka tafi da ita gida. In an ce babu injin kwafi, ka ɗauki hotonta da waya, ka duba ko rubutun ya fito.

Mu maimaita: a rubuta a ranar, a sa kwanan wata, a karɓi kwafi.

To, bari in yi muku faɗa kaɗan. Makon jiya na raba fom na gwaji, da yawanku kuka bar wurin kwanan wata fayau, kuma da na karɓe takardun ko mutum ɗaya bai ce "Malam, ina nawa kwafin?" ba. Sau nawa zan faɗa? A aji kun kasa tambayata, ni da ba na riƙe da albashinku, ina ga gaban manaja? Wasu sun ce ai ƙaramin ciwo ne. Na ɗalibar nan ma ƙarami ne ranar farko. Ƙunar dutsen guga, yankan almakashi, santsin ƙasa, duk a rubuta, a ranar, da kwanan wata, da kwafi. Takardar likita da rasit na magani su ma a haɗa su a leda ɗaya.

Darasi na 3: Sunanka yana rajista?

Ranar 24 ga Afrilu, 2013, ginin Rana Plaza mai hawa takwas ya rushe a Savar, kusa da Dhaka a ƙasar Bangladesh. Masana'antun ɗinki biyar ne a ciki. Mutum 1,134 suka rasu, kusan 2,500 suka ji rauni. Wasu gawawwakin sai da gwajin ƙwayar halitta aka gane su, kuma sai 2015 aka kammala tara dala miliyan 30 na diyya. A 2022 ne ƙasar ta fara gwada tsarin biyan wata-wata ga ma'aikatan ɗinki da suka nakasa a bakin aiki da iyalan waɗanda suka rasu. Allah ya kiyaye, amma iyali ba sa karɓar komai sai sun nuna cewa nasu yana aiki a wurin. Ka tambayi ofis ko an yi maka rajista, ka ajiye kwafin katinka da takardar albashi a gida, ka nuna wa wani babba inda suke.

Darasi na 4: Ciwon da ke zuwa a hankali

Ƙurar auduga tana taɓa huhu, ƙarar injina tana rage ji. Ka gaya wa likita irin aikinka da shekarun da ka yi kana yi, ya rubuta. Ka karɓi kwafi.

Darasi na 5: Sauran haƙƙoƙi

Akwai hutun haihuwa, akwai fansho. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 2000 ta ce hutun haihuwa kada ya gaza mako 14, amma kowace ƙasa da dokarta. Ku tambayi wakilin ƙungiyarku.

Aikin gida: kowa ya rubuta kwanan watan yau sau goma.