Yadda ake zagaya wuraren tarihi na Najeriya ba tare da an dawo da hoton ƙofa kaɗai ba

Da yawa daga cikin masu cewa sun je ganin wuraren tarihi, in ka matsa musu da tambaya, za ka tarar bakin ƙofa suka tsaya. Sun haɗa kuɗi, sun ɗauki shatar mota, sun sha hanya, sun isa da tsakar rana, sai ga kwaɗo a jikin ƙofa. Mai mabuɗi ya tafi gona ko jana'iza, babu wanda ya san sa'ad da zai dawo. Sai a jeru a gaban allo a ɗau hoto, a sha ruwan leda, a juyo. Ɗalibai sun fi kowa faɗawa wannan rami, musamman 'yan ƙungiyoyin da ke shirya tafiyar ƙarshen zango cikin mako guda. Batun jaka da takalmi da cajin waya ba zan ɓata lokaci a kai ba, kowa ya san wannan.

Fara da Zazzau

Wanda bai zagaya birnin Zariya da ƙafa ba, bai kamata ya tara kuɗin zuwa Badagry ba. Ba don kishin gida na faɗa ba. A gida ake koyon kallo, kuma in ka yi kuskure kuɗin Keke Napep kawai ka yi asara.

Ka shiga ta Ƙofar Doka da sassafe, ka bi abin da ya rage na ganuwa, ka lura da inda gidaje suka cinye ta da inda masu ɗiban ƙasa suka rarake ta. Ka nemi Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Kona, Ƙofar Kibo, ka tambayi dattawan da ke zaune a wurin ina hanyar kowace ƙofa take nufa a zamanin fatauci. Daga nan ka gangara ƙofar fada. Wata rana daban ka ware wa Wusasa, inda cocin St. Bartholomew take, wadda aka gina da ƙasa a 1929 bisa tsarin ginin Hausa, ga Dutsen Kufena yana kallonta. Turunku kuwa, tsohon mazaunin da ake dangantawa da Bakwa Turunku mahaifin Sarauniya Amina, tana ƙaramar hukumar Igabi, kuma kada ka je sai da ɗan gari.

Masallacin Juma'a na ƙofar fada shi ne ya kamata ya sa kowane Bazazzage ya daina cewa "sai wani lokaci". Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara, da ginshiƙai da bakan gizo waɗanda masana gini daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa aunawa. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da ginin siminti, har mutane suka yi shekaru suna wucewa ta gabansa ba su san abin da ke ciki ba. A watan Agustan 2023 wani sashensa ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Kafin ka ɗauko baƙi da alkawarin za ka nuna musu aikin Babban Gwani, ka fara zuwa fada ka tambayi inda ake shiga da inda ba a shiga.

Ka raba ƙasar gida-gida

Najeriya ba ta zagayuwa a tafiya ɗaya, kuma duk jadawalin da ya haɗa Sakkwato da Bauchi a ƙarshen mako guda, a kan takarda kawai yake aiki. Daga Zariya ni hanya huɗu nake gani.

Ta arewa: Kano, sai Daura ta Kazaure, sai Katsina. A Kano akwai Dutsen Dala, Gidan Makama, Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, waɗannan biyun na ƙarshe tun zamanin Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ga kuma karofin Ƙofar Mata. A Daura rijiyar Kusugu. A Katsina hasumiyar Gobarau da tsohon ginin Kwalejin Katsina ta 1921, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda ita ce ta koma Kaduna sannan ta dawo nan Zariya a 1949, ake ce mata Barewa yanzu. Wannan zagaye kwana uku yake ci in ana so a ga wani abu.

Ta yamma: Sakkwato, don Hubbaren Shehu Usmanu wanda ya rasu a 1817, da Wurno inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, in da hali a ƙarasa Argungu gidan tarihin Kanta. Ta gabas: Jos ta Pambeguwa da Saminaka, sannan Bauchi. Ta kudu: Kaduna, Dutsen Zuma, Lokoja, daga nan sai abin da aljihu ya yarda.

Mai farawa ya ɗauki ta arewa. Harshe ɗaya ne, abinci ɗaya ne, kuma kusan kowane Bazazzage yana da wanda zai sauke shi a Kano, kuɗin masauki ya ragu ke nan.

Neman iso

Nan ne tafiya ke gyaruwa ko ta lalace, kuma nan ne masu shirya ta ba sa ba wa ko minti goma.

Wuraren tarihinmu iri uku ne ta fuskar wanda ke riƙe da su. Akwai na hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, kamar Gidan Makama da gidan tarihin Jos da na Kaduna. Akwai na masarauta. Akwai kuma waɗanda wani gida ya gada kaka da kakanni, mabuɗin na hannun wani dattijo da ba ya karɓar umarni daga kowane ofis. Kowanne da ƙofar da ake bi a shiga, kuma takardar da ta buɗe maka na farko ba za ta motsa na uku ba.

Na hukuma, in ku ƙungiya ce, ku rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban gidan tarihin, da sunan makaranta ko ƙungiya, da yawanku, da rana da sa'a. Kada ku aika ta waya ku kwanta. Mutum ɗaya ya kai ta hannu da hannu mako biyu kafin tafiyar, ya karɓo lambar wani ma'aikaci, ba lambar da ke jikin allo ba. Ana gobe tafiya a kira shi, da safe kafin a tashi a sake kira. Na masarauta ta hannun sakataren fada ake bi, kuma in kana da wani mai sarauta a nan Zazzau da zai yi maka waya can, ya fi wasiƙa goma. Ba a shiga fada da gajeren wando, ba a shiga kai ba hula, mata su yafa mayafi na kirki. Dogari in ya ce ku tsaya nan, nan ɗin za ku tsaya.

Na uku shi ne mai wuya, kuma shi ne mai daɗi. Ka sauka daga mota nesa kaɗan, kada ku dira a ƙofar mutum ku ashirin kowa da waya a sama. Mutum biyu su isa, babba a gaba. A yi sallama, a tuɓe takalmi in kan tabarma yake, a durƙusa.

"Baba, barka da hutawa. Mun same ku lafiya? Ya iyali, ya ƙoƙari?"

Sai an gama gaisuwa tsaf, ya tambayi daga ina, sannan a ce, "Daga Zazzau muke, Baba. Yara ne muka kawo su ga abin da kakanni suka bari, in an ba mu izini." Kada ka fara da "nawa ne kuɗin shiga". Na ga an yi wa wani dattijo wannan tambayar a wani gari da ba zan kama suna ba, wani saurayi ne ya yi ta yana tsaye, hannu a aljihu. Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce mabuɗin na wurin ƙaninsa, ƙanin kuma ya yi tafiya. Mabuɗin kuwa ga shi nan ɗaure a bakin zaren aljihun rigarsa, kowa na gani. Mota guda ta koma ba ta ga komai ba.

Abin goro a ƙarshe ake bayarwa, a naɗe, a hannun dama, ba a gaban yara ba. In akwai rasit na hukuma ka biya ka karɓa, amma wannan bai ɗauke maka abin goron wanda ya zagaya da kai ba.

Sannan in ya fara ba da labari, ka bar shi. A Kusugu za a nuna maka rijiyar a cikin ɗakin da aka gina mata, a ba ka labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, a jawo guga a miƙo maka ka sha. Ba wurin da za ka tsaya kana cewa malaminku na tarihi ya ce almara ce ba ke nan. Ka rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗa, muhawara a yi ta a mota. Wanda ya iya saurare shi ake buɗe wa ɗaki na biyu. A Hubbare kuma ka tuna mutane ziyara suka zo yi, ba kallo ba. Ka rage murya, ka yi addu'a, hoto sai ka tambaya, in an ce a'a ka mayar da waya aljihu.

Rana da sa'a

Juma'a ba ranar ganin wurin tarihi ba ce a ƙasar Hausa, daga hantsi kowa hankalinsa ya koma masallaci. Makon Sallah ma haka, in hawa kake son gani to ka je don hawa, amma babu wanda ke da lokacinka a fada. Ni Talata zuwa Alhamis nake zaɓa, kuma daga ƙarshen damina zuwa kafin hazo ya sauko sosai, wato Oktoba da Nuwamba. Wanda ya hau Dala cikin hazon Janairu ya wahalar da gwiwarsa a banza, ko rufin Kurmi ba zai hango da kyau ba. Dala da asuba ake hawa, bayan an idar da salla.

Karofin Ƙofar Mata kuwa da hantsi, lokacin da marina ke bakin aiki. Yawancin ramukan an daina amfani da su, sai ka nemi wanda ke da rai. Ka tsuguna kusa da marinin ka kalli hannunsa: zai tsoma ƙyalle cikin ruwan baba da toka, ya jujjuya, ya ɗago shi. Sa'ad da ya fito kore-kore yake, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka, ya sake mayarwa. Mai sauri ba ya ganin wannan. In ka ji ƙarar duka daga wani ɗaki a gefe, mabuga ne ke buga yadi a kan gungume har ya yi ƙyalli. Ka sayi ko ɗan ƙaramin ƙyalle ne kafin ka tashi, ba kyau ka cinye wa mutum sa'a guda ka tafi da godiya kawai.

Hanya da kuɗi

Labarin hanya a tasha ake samunsa, ba a intanet ba. Ka je Kwangila ka tambayi direban da ya dawo jiya, musamman in Sakkwato za ka ta Funtuwa da Gusau. In sun ce a dakata, a dakata. Ba a tafiyar dare, kuma La'asar ta same ka a garin da za ka kwana. Ka riƙe kuɗi a hannu, ƙanana, don a ƙauye mai POS na iya cewa babu sabis. Kada ka ɗaga waya a shingen sojoji. Shata ta fi sauƙi in kun kai goma, amma a yi ciniki har da jira, in ba haka ba direba zai fara danna hon kuna tsakiyar kallo.

Sauran hanyoyin

A Jos, bayan gidan tarihin da aka buɗe a 1952 inda kawunan yumɓu na mutanen Nok na zamanin da suke, ka nemi filin gine-ginen gargajiya, akwai kwaikwayon masallacin Zazzau da na ganuwar Kano a can. A Bauchi kabarin Tafawa Ɓalewa, ana bi ta wani lungu mai duhu kafin a fito fili inda kabarin yake, kada ka kunna fitilar waya, da gangan aka yi shi haka. Sukur, a Madagali ta Jihar Adamawa, ita ce ta farko a Najeriya da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 1999, hawan dutse ne da ƙafa, kuma sai an tabbatar da lafiyar yankin tukuna.

Kaduna wuni ɗaya ta isa: Arewa House, gidan da Sardauna ya zauna aka kuma kashe shi a Janairun 1966, da Lugard Hall, da gadar Lugard da aka ciro daga Zungeru. Dutsen Zuma daga bakin titi ake ganinsa kusa da Madalla, shi ne a jikin tsohuwar takardar naira 100. Lokoja kada Bazazzage ya wuce ta a guje. Ban da mahaɗar Kwara da Binuwai da ake hangowa daga Dutsen Patti, can Turawa suka kai sarakunan da suka tuɓe, ciki har da Sarkin Zazzau Kwasau da Aliyu ɗan Sidi da Sarkin Kano Alu, kuma can kaburburansu suke. Hausawan garin za su kai ka.

Daga nan Benin ta Jihar Edo, wadda sojojin Ingila suka kwashe wa kayan tagulla a 1897, sai kurmin Osun a Osogbo da ya shiga jerin UNESCO a 2005, Dutsen Olumo a Abeokuta, da Badagry inda benen 1845 yake da hanyar da ake bi da bayi zuwa bakin teku. A duk waɗannan ka fara sauka wurin Sarkin Hausawan garin ko unguwar Sabo, su haɗa ka da wanda ke jin yaren wurin, kuma ka ware mako guda cur, kuɗin mota kaɗai zai cinye fiye da rabin abin da ka tanada.