Idan mai moto ya faɗi ya bugu a ƙeya, numfashinsa za ka fara dubawa

Aikin jinya nake yi a Garwa, kuma sau da yawa wanda aka kawo mana daga hatsarin moto sai ka tarar rigarsa sharkaf, an ɗura masa ruwa a hanya. Don Allah 'yan'uwa, a daina.

A ƙasan ƙoƙon kai, daidai ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka, akwai wani ɗan yanki mai tsawon kamar santimita 3. Shi ke riƙe da numfashi da bugun zuciya, shi ke sa haɗiya da tari, kana barci ma yana bakin aikinsa. In ya bugu, wanda ya suma ba ya iya haɗiyewa, ba ya iya tarin da zai maido da ruwan, sai ya gangara huhu.

To, ka durƙusa wajen kansa. Riƙe kan da hannu biyu kada wuya ya juya, ka hana masu cicciɓa. Kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, kai kunnenka kusa da hancinsa, idonka a ƙirjinsa, daƙiƙa 10. Baligi yakan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Wanda sai jifa-jifa yake jan iska da gurnani, ɗauke shi a matsayin wanda ba ya numfashi: ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji, ka dinga dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya nemo mota. Minti 4 zuwa 6 babu iska, ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa, ba lokacin neman wanda ya jawo hatsarin ba ne.

In yana numfashi amma amai ya taso, ku uku ku mirgina shi gefe, kai da wuya da baya su tafi tare.

In ka san yana shan tramol, gaya mana a asibiti ba ɓoye-ɓoye. Ƙwayar nan tana danne wannan yankin, ta rage numfashi.

Wanda ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce lafiyarsa ƙalau, shi na fi tsoro, don jini na iya taruwa cikin kai a hankali. A sa masa ido kwana biyu. Amai a kai a kai, barcin da tashinsa ke wuya, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ko ruwa garai-garai daga hanci ko kunne, a kawo shi ko da tsakar dare ne.