Yadda nake auna sauƙin bin turba a karkarar Ingila

A Ingila da Wales akwai turbobi na kusan mil 140,000 da doka ta ba kowa damar bi, ko da ta tsakiyar gonar wani suka ratsa. Kamar burtali ne a wajenmu, sai dai wannan na mutane ne. Ina cikin 'yan sa kai da ke duba su, ga yadda nake yi.

Ka samu taswirar Ordnance Survey (hukumar zana taswira ta Birtaniya) mai ma'aunin 1:25,000, turbar ƙafa tana fitowa a kai da gajerun layuka kore. Kada ka zaɓi wadda ka saba bi, ƙafarka ta riga ta haddace ta. A jefa ƙuri'a, wadda ta faɗo ita za ka bi.

Fara daga bakin kwalta. Dole a ga allon nuni a inda turba ta rabu da titi. A ciki kuma kibiya rawaya ta masu ƙafa ce, shuɗiya ta haɗa da masu doki da keke. Duk inda ka tsaya kana waige-waige, rubuta, don baƙo a nan zai ɓata.

Sai faɗi. Ina yawo da tef a aljihu. Turbar ƙafa da ta ratsa gona kada ta gaza mita 1, ta gefen gona mita 1.5. Manomi na iya yin huɗa a kan wadda ta ratsa, amma kwana 14 gare shi ya maido da ita yadda za a gane ta.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen shinge. Wani wuri ƙyaure ne, wani wuri matakalar katako da ake takawa a tsallaka. Girgiza ta da hannu kafin ka hau. Na taɓa taka wata da ta ruɓe, sai ga ni zaune cikin caɓi, tumaki na kallona. Tun ranar nake tambayar kaina: Hajiyarmu da ciwon gwiwarta za ta wuce nan? In ba za ta wuce ba, ban damu da cewa ni na haura ba, na rubuta matsala ce.

Lissafin ba shi da sassauci. Wuri ɗaya ya toshe, ko gada ta karye, ko ƙaya ta rufe hanya, duk tsawon turbar daga mahaɗa zuwa mahaɗa ya faɗi. Idan ka bi kilomita 10, masu kyau suka kama 7, sakamakonka kashi 70 cikin 100 ne.

Ka koma a watan Nuwamba. Turbar da ka bi da takalmin yawo a Mayu, lokacin sai da takalmin roba mai kai wa gwiwa saboda caɓi.