Babi Na Huɗu: Yadda Tunani Ke Yaudarar Mu Wajen Kuɗi

Darasi na 1: Farashin farko

Ku buɗe sabon shafi, ku ja layi daga sama zuwa ƙasa a tsakiya. A hagu ku rubuta "kuɗina", a dama "kuɗin mai kaya".

A ce ka shiga kasuwar Sabon Gari sayen turmin atamfa. Mai shago ya ce ₦20,000. Ka taya ₦12,000, ya ce albarka. Aka yi ta ja har ya sallama a ₦15,000, ka fito kana murnar an rage maka ₦5,000. Daga me aka rage? Daga kuɗin da shi ya fara yankawa. In a shagunan gaba ₦11,000 ake sayar da irinsa, to ₦4,000 ka ƙara.

Lambar da kunne ya fara ji takan zama turke, lissafi ya yi ta kewaya ta kamar akuyar da aka ɗaure. Kada kowa ya ji kunya, masu digiri ma tana kama su. A 1974 masana biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, suka wallafa wani gwaji. An juya wa mutane faifai mai lambobi, sannan aka tambaye su: cikin ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya, kashi nawa cikin ɗari ne na Afirka? Waɗanda faifan ya tsaya musu a 10 suka ce wajen 25, waɗanda ya tsaya musu a 65 suka ce wajen 45.

Ga magani. Tambayi mutum uku da suka sayi irin kayan kwanan nan. Ɗauki kuɗin tsakiya, ba mafi tsada ba, ba mafi araha ba. Rubuta shi a gefen hagu tun kana gida, kafin ka ce "nawa?"

Nan ake tuntuɓe. Kafin, ba bayan ba. In mai kaya ya riga ya yi magana sannan ka rubuta, lambarsa ka rubuta da hannunka. Rubutun bai yi kyau ba? Ba komai, Malam, ba komai, Hajiya, a hankali hannu zai faɗa. Amma a rubuta kafin a fita.

Wasunku sai sun dawo gida suke cike gefen hagu don a ga sun yi aiki. Haba! Wa kuke yaudara? Hagu tukuna, sannan dama.

Darasi na 2: Kuɗin da ya riga ya tafi

Babur ya ci ₦60,000 wajen bakanike a Tudun Wada, ya sake lalacewa. Sai mai shi ya ce, "Na kashe da yawa, ba zan bari ba." Wannan kuɗin ba zai dawo ba, ko an gyara ko an sayar. Rubuta abu biyu kawai: kuɗin gyaran yau, da abin da babur ɗin zai kawo a wata.

Darasi na 3: Labari ɗaya

Maƙwabcinka ya ci ribar ajiyar masara bara, kowa na zancensa. Kafin ka sayi buhu ko ɗaya, nemi wanda ya ajiye ya yi asara, ka ji nasa. Rubuta duka biyun, ka kawo aji.