Goshi Na Maiƙo, Kumatu Na Bushewa: Kurakuran Da Ake Yi Wa Fuska Mai Hali Biyu

Akwai fuskar da idan aka wanke ta da safe, kafin rana ta take goshi da hanci da haɓa sun fara ƙyalli da maiƙo, alhali kumatu suna nan a bushe, wani lokaci har su yi furu-furu. Mai irin wannan fuska idan ya shafa man da aka yi don busasshiyar fata, sai ƙuraje su feso masa a hanci da goshi. Idan ya koma sabulun masu maiƙo, kumatu su kama raɗaɗi. Wannan ba ciwo ba ne, haka aka halicci fatar, kuma masu ita suna da yawa ƙwarai.

Dalilin yana cikin fatar kanta. A gindin kowane silin gashi, har da 'yan siraran da ido ba ya gani sosai, akwai 'yar jaka mai samar da maiƙo. Waɗannan jakunkuna sun fi yawa kuma sun fi girma a tsakiyar fuska: faɗin goshi, karan hanci, zuwa haɓa. A kumatu da gefen fuska ba su kai haka ba. Kowa haka yake, sai dai a wasu mutanen bambancin ya yi yawa har ya zama wuri ɗaya na neman a rage masa, ɗayan na neman a ƙara. Abin da ke ba jakunkunan umarni shi ne gado da sinadaran homon na jiki, musamman rukunin androjin. Shi ya sa maiƙo ke tashi lokacin balaga, ya ƙaru wa mata da yawa gab da al'ada, ya ragu idan shekaru sun ja.

Manomin da gonarsa ta haɗa tudu da fadama ba ya ba su ruwa iri ɗaya. Kusan duk kurakuran da za a ambata a nan, tushensu guda ne: ɗaukar fuska a matsayin fili ɗaya.

Kafin a yi nisa, yana da kyau mutum ya tabbatar irin fatar da yake da ita ke nan. A wanke fuska da abu mai laushi, a tsane ta, kada a shafa komai, a jira kamar awa 1. Sannan a ɗauki siririyar takardar goge fuska a danna a goshi, a danna wata a kunci. Idan ta goshi ta ɗauko maiƙo, ta kunci ta fito tas, to fata ce mai hali biyu. Idan duka biyun sun jiƙe, fatar mai maiƙo ce gaba ɗaya, kuma lissafinta daban ne.

Yaƙi da maiƙo da sabulu

Wannan shi ne babban kuskure, kuma daga gare shi sauran suke rassa. Ƙyallin hanci ake gani a madubi da hoto, bushewar kunci kuwa sai mai ita ke ji. Don haka sai mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa fatarsa mai maiƙo ce, ya nemi sabulu mafi ƙarfi, ya riƙa wanke fuska sau huɗu ko biyar a yini, har sai ya ji ta yi ƙararau tana ɗamewa. Wannan ɗamewar da ake ɗauka alamar tsafta, alama ce ta an wuce gona da iri.

Saman fata yana da ɗan tsami na halitta. A ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, yana tsakanin 4.5 da 5.5, yayin da sabulun wanka na gama-gari yake kaiwa 9 zuwa 10. A can saman fata kuma akwai wani siririn shinge na matattun ƙwayoyin fata da kitse na musamman ya liƙe su da juna, mafi yawansa sinadarin seramaid. Aikinsa hana ruwan jiki tsiyayewa da hana abin da ke waje kutsawa. Sabulu mai ƙarfi da ruwan zafi suna narkar da wannan kitse. Hanci yana iya jurewa, domin cikin 'yan awoyi jakunkunansa sun sake malalo da maiƙo. Kunci ba shi da wannan gatan. Sai a wayi gari hancin da aka yi yaƙin dominsa yana nan yana ƙyalli kamar jiya, kumatun da ba su yi laifin komai ba sun tsage, suna ƙaiƙayi, duk abin da aka shafa musu sai ya yi zafi. Garin neman gira an rasa ido.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, wanki ba ya rage yawan maiƙon da jiki ke samarwa. Yana kwashe wanda ya riga ya fito ne kawai. Gyaran kuwa mai sauƙi ne: sau 2 a yini ya isa, safe da dare, sai kuma bayan gumi mai yawa. A yi amfani da abin wanke fuska mai laushi, wanda ba sabulu ba ne a asalinsa, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, da tafin hannu. Wanda kumatunsa suka bushe sosai yana iya taƙaita kumfar safe a goshi da hanci da haɓa, ya bar ruwa zalla ya wanke sauran. Idan ƙyalli ya dawo da rana, a danna takardar tsotse maiƙo a wurin, ba sai an sake komawa famfo ba.

Ruwan goge fuska mai yawan alkohol, wanda ke sa fata jin sanyi da kaifi nan take, shi ma ɗan gidansu ne. Daɗinsa na minti biyar ne.

Gudun man shafawa, ko lafta shi ko'ina

Masu wannan fata sun rabu gida biyu a nan. Wasu sun yi sallama da man shafawa baki ɗaya, wai fuskarsu ta riga ta ishi kanta da mai. Wasu kuma, saboda tausayin kumatu, sai su lafta mai kauri tun daga goshi har haɓa.

Na farkon sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Maiƙo daban, ruwa daban. Fata tana iya ƙyalli da maiƙo kuma tana fama da ƙarancin ruwa a lokaci guda, musamman wadda aka gallaba da wanki. Na biyun kuma suna ɗora kitse a kan ƙofofin fatar da dama a cike suke, sai su toshe.

Mafita ita ce a raba aikin. Mai mara nauyi, mai ruwa-ruwa, wanda ke ɗauke da gilisarin ko hayaluronik asid, yana yi wa fuska duka, domin waɗannan ruwa suke jawowa su riƙe, ba kitse suke ƙarawa ba. Bayan shi sai a ƙara wani mai ɗan kauri, mai seramaid, a kumatu kaɗai. Wanda ba ya son kwalba biyu yana iya amfani da ɗaya: shafa ɗaya a tsakiyar fuska, shafa biyu a gefe. A shafa tun fata tana da ɗan danshi bayan wanki, ya fi kamawa.

Wani abu game da rubutun da ke jikin kwalba. Alƙawarin cewa mai ba ya toshe ƙofofin fata, kamfani ne ke rubuta abinsa. Ko a Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA ba ta da wani ma'auni da ta gindaya wa wannan kalma. Yana da amfani a matsayin mafari, amma fuskar mutum ce ke yanke hukuncin ƙarshe. Haka nan abin da aka rubuta wa “don fata mai hali biyu” sau da yawa tsaka-tsaki ne kawai: bai isa kunci ba, ya ɗan yi wa hanci yawa.

Dirza da matsa

A duba hanci da kyau a madubi, za a ga 'yan ɗigo-ɗigo masu launin toka. Mutane da yawa suna ɗauka datti ne, su sa soso ko abin gurza mai tsakuwa-tsakuwa su yi ta dirza, ko su matse da farce. Mafi yawan waɗannan ɗigo ba datti ba ne, ba kuma ƙuraje ba ne. Maiƙo ne da ke kan hanyarsa ta fita, kuma ko an matse shi, ramin zai sake cika cikin 'yan makonni. Hatta ainihin baƙin kan da ke toshe ƙofa, baƙinsa daga haɗuwa da iska ne, ba daga ƙazanta ba.

Ga mai duhun fata, wannan kuskure ya fi tsada. Duk inda fata ta ji rauni ko ta kumbura, ƙwayoyin da ke samar da launi sukan ƙara aiki a wurin, su bar baƙin tabo. Ƙurjin da zai baje da kansa cikin mako guda, idan aka matse shi, yana iya barin tabon da zai yi watanni. Dirzar kumatu busassu don a kawar da furu-furu ma haka take: ɓawon ya tafi yau, gobe ya dawo da ƙari, wurin kuma ya soma duhu.

Abin da ke aiki a hanci shi ne salisilik asid, mai ƙarfin kashi 0.5 zuwa 2 cikin ɗari. Yana narkewa a cikin mai, don haka yana iya shiga cikin ƙofar fata ya sassauta abin da ya taru. A fara da sau 2 ko 3 a mako, a tsakiyar fuska kaɗai. Kwaɓin yumɓu na shafa wa fuska ma wurinsa ke nan, sau ɗaya a mako, kuma a wanke kafin ya bushe ya tsattsage.

Haɗa magunguna da yawa, da rashin haƙuri

Yanzu da intanet ta cika da masu nuna kwalabe goma a jere, an samu sabon kuskure: a sayi asid iri biyu, da ritinol (wani nau'i na bitamin A), da bitamin C, da maganin ƙuraje, a fara su duka a mako ɗaya, a fuska duka. Idan fuska ta yi ja ta kumbura, ba a san wanne ne mai laifi ba.

Abu ɗaya ake farawa da shi. A gwada shi a ɗan wuri, kamar ƙasan kunne, na 'yan kwanaki. Idan lafiya, a ci gaba, a ba shi makonni kafin a ƙara wani. Fata tana ɗaukar kimanin makonni 4 kafin ta sabunta samanta, ta fi haka ma ga manya, don haka hukuncin kwana biyar ba hukunci ba ne. Adapalin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari, wanda ake amfani da shi don ƙuraje da toshewar ƙofofi, yakan buƙaci makonni 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsa, kuma a makonnin farko yana busar da fata, don haka a fara da shi dare ɗaya a tsallake ɗaya ko biyu, a kare kumatu da mai. Mai juna biyu, da mai neman samu, su nisanci adapalin da ritinol da danginsu. Maganin ƙuraje na benzoyil feroksaid mai ƙarfin kashi 2.5 yana yin aikin da ya yi kusa da na mai kashi 10, ba tare da cin fata sosai ba. A dai kula, yana koɗar da launin tawul da rigar matashin kai.

Idan akwai sinadari ɗaya da na ga ya dace da wannan fata daga goshi har kunci, niyasinamaid ne, wato wani nau'i na bitamin B3. A kashi 2 zuwa 5 yana taimaka wa shingen fata, yana ɗan rage maiƙo, yana kuma sassauta tabo a hankali. Masu sayar da na kashi 10 zuwa sama lamba suke sayarwa.

Barin man kariya daga rana

Ana barin sa ne saboda yana ƙara ƙyalli ko yana barin farin toka-toka. Amma duk mai fama da tabo, ko mai amfani da asid ko adapalin, idan bai kare fuskarsa daga rana ba, aikin baya yake komawa, domin rana tana ƙara wa tabo duhu ko da fatar baƙa ce. Man kariya mai lambar ƙarfi SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin ɗari na UVB, wato hasken rana mai ƙona fata. A nemi mara nauyi, mai ruwa-ruwa. Da safe yana iya zama shi kaɗai ne man goshi da hanci, kumatu ne kawai za a sa wa wani a ƙarƙashinsa.

Tsarin kuma ba a kafe yake ba. Lokacin zafi da gumi tsakiyar fuska ke rinjaye, a rage nauyin mai. Lokacin sanyi da bushewar iska, ko zama cikin na'urar sanyaya ɗaki, kumatu ke kuka, a ƙara musu, a rage asid.

Ɓawon da ba bushewa ba ne

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana yaudarar mutane sosai. Idan ɓawo yana fitowa a gefen hanci, da cikin gira, da tsakanin girare, da bayan kunne ko cikin gemu, wato daidai wuraren da suka fi maiƙo, to da wuya ya zama bushewa. Sau da yawa ɗan'uwan amosanin kai ne. Wani nau'in ƙwayar fangas mai suna Malassezia, da ke zaune a fatar kowa yana cin maiƙo, shi ne fatar wasu ba ta jituwa da shi. Ɓawon yakan zama mai ɗan maiƙo-maiƙo, da ƙaiƙayi, kuma a duhun fata wurin yakan yi haske fiye da kewayensa maimakon ja. Mai shi sai ya ga ɓawo, ya ce bushewa ce, ya ƙara lafta mai, ƙwayar ta samu abin da take so. Maganinsa na kashe fangas ne, irin su ketokonazol, kuma yakan tafi ya dawo, don haka ganin likitan fata ya fi yin kirdado.

A nan ne kuma wasu ke faɗawa tarkon man shafawa mai sitiroyid, irin su kulobetasol da betametason, ko mayukan ƙara haske da ake ɓoye su a ciki. Cikin kwana biyu ko uku ɓawo da ƙaiƙayi sun ɓace, fuska ta yi sumul. Bayan makonni ko watanni fatar ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙananan ƙuraje su feso, kuma da zarar an daina sai fuskar ta yi bore fiye da da. Wanda ya daɗe yana shafa irin wannan a fuska, ya je wa likita da kwalbar a hannu, a tsara masa yadda zai janye a hankali. Haka ma mai ƙuraje manya masu zurfi da zafi, da macen da ƙurajen haɓa suka zo mata tare da rikicewar al'ada ko fitowar gashi a fuska, domin wannan na iya zama batun homon da ake bincikawa da gwajin jini da hoton ciki, man shafawa ba ya kai wa can.