Yadda Ake Ciro Notin Salansa da Ya Karye a Injin Babur

Bari injin ya huce, ka cire salansar. Kankare tsatsar, ka zuba wa notin WD-40 (man feshi mai sassauta tsatsa) ko kananzir, ka bar shi ya kwana.

Idan guntun ya leƙo waje, damƙe shi da filaya, ka riƙa murɗawa gaba da baya a hankali. Gaggawa ce ke sake karya shi.

Idan ya karye daidai bakin raminsa, sai wurin mai walda. A cire batir da tankin mai, a goge kananzirin, mai waldar ya ɗora sabon noti mai rami a kan guntun ya liƙe ta tsakiya. Zafin waldar ke sassauta tsatsar. Da ya ɗan huce, sa sifana ka kwance hagu.

Hudawa sai dole: kan injin alminiyam ne, hannu na gocewa ramin ya lalace.