Darasi na 7: Wayarin Zauren Unguwa Kafin a Yi Filasta

Zauren unguwa ba aiki ɗaya yake yi ba. Da hantsi mata na ɗinki a ciki, bayan Magariba ajin yaƙi da jahilci, ran Asabar kuma walimar aure. Saboda haka kafin mai wayarin ya fara fasa bango, ku shiga zauren tare da shi, da alli a hannu, kuna yin alama. Bututun waya a cikin bango ake binne shi. Idan an riga an yi filasta, gyara sai da fasa.

A fara da allo. Ƙwan da zai haska shi a sa shi sama, ɗan gaba da allon, yadda hasken ba zai doki idon masu karatu ba. Sauran ƙwayayen a raba su layi-layi, kowane layi da makunninsa. Mutum biyar masu lissafin kuɗin adashi ba sai an kunna musu zaure duka ba.

Ga kuskuren da ya fi yawa: a sa ƙwai daidai saman fanka. Fanka na juyawa, inuwa na wulgawa a kan littafi, kafin a gama shafi ɗaya ido ya gaji, balle idon dattijo. A nisanta su da juna.

Soket kuwa kada a yi rowarsa. Inda kekunan ɗinki za su jeru a sa, inda mai lasifika zai tsaya a sa. Wayar jone-jone da ake shimfiɗawa a ƙasa ita ke harɗe yara, ita ke yin zafi.

Ku tambayi mai wayarin kaurin waya. Ta fitilu mai murabba'in milimita 1.5 ce, ta soket 2.5, kuma kowane layi da birekarsa, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in an samu matsala, a akwatin rarraba wuta. Idan birekar soket ta faɗi, fitilu na nan. Ya kafa ƙarfen at a ƙasa, wato sandar da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, ya kuma sa canji-oba don kada wutar NEPA ta haɗu da ta janareta.

Yanzu lissafi. Ƙwan LED mai wat 9 guda 12, wat 108 ke nan. Fanka 4 masu wat 75, wat 300. Jimla 408. Ran walima wata ta jona dutsen guga mai wat 1,000. Rubuta sabuwar jimla a littafinka. Janareta mai wat 900 zai ɗauka?